Godiya ga Ofishin Wakilan Fito da ke Kusa da Kasuwar Maigatari

Assalamu alaikum.

Mu dillalan motoci da makanikai na Maigatari da ƙauyukan kewaye, mun rubuto ne mu gode wa Alhaji mai wannan ofis na fito da kaya daga hannun kwastam da yaransa a bainar jama'a, kan yadda suke riƙe baƙin da ke zaune cikinmu masu son shigo da motarsu ta hawa: 'yan Nijar, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti 'yan ƙasashen waje.

Alhaji, babban abin da muka yaba shi ne kuna faɗa wa mutum gaskiya tun bai fitar da ko sisi ba. Baƙo zai zo da shirin sayen mota a Kwatano ya biyo da ita ta Damagaram, ku zaunar da shi ku gaya masa cewa tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar halak ita ce tashar jiragen ruwa, kamar Tin Can a Legas. Wanda ya biye wa 'yan fasa-ƙwauri zai ga sauƙi a farko, amma ranar da kwastam suka tare shi a hanyar Gumel zuwa Kano, mota ta tafi, kuɗi ma sun tafi.

Kafin a yi ciniki kuna neman lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. A motocin Amurka na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira, kuma da shi kuke gane ko motar ta wuce shekara 12 da doka ta iyakance, ko da mai sayarwa ya rage mata shekaru da baki. Da lambar nan ce kuma kwastam ke yi wa mota kima tun 2022, don haka rubuta ƙaramin farashi a rasit ba ya rage komai. Ita dai kuke bi ku gano motar da ambaliya ta ci. Mu makanikai mun san irinta: wari a ƙarƙashin kafet, tsatsa a layin kujera, bayan wata uku wayarin ya fara wasa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ƙwaƙwalwar injin ta mutu.

Mai sitiyari a dama kuwa, irin ta Ingila da Japan, ba ku taɓa ta. Wadda aka juya mata sitiyari ma kuna hana saye, domin an taɓa rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, da bututun birki, kuma fitilunta na haska idon mai tahowa.

Lissafin fito a rubuce kuke bayarwa: kashi 20 na kwastam da ƙarin kashi 15 kamar yadda aka tsara a 2022, harajin VAT kashi 7.5, da ƙananan caji, sannan ku gargaɗi mutum cewa da dala ake lissafi. A banki ake biya, rasit ya fito da lambar shasin motar. Kuna kuma matsa wa baƙo ya haɗa takardar jirgi ta asali (shaidar loda motar a jirgin ruwa), takardar mallaka, fasfo da izinin zama tun jirgi bai iso ba, sunan ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Mahamadou a fasfo, Muhammadu a takardar jirgi, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mota makonni, kuɗin ajiya na hawa kullum.

Ɗan Nijar da ya shigo da motarsa mai lambar can don cin kasuwar Alhamis ko jinya, kuna nuna masa takardar shiga ta wucin gadi, ku tuna masa ranar ƙarewarta, ku ja masa kunne kada ya sayar da motar a nan.

Bayan fito ma yaranku na raka mutum wajen karɓar lambar mota, gwajin VIO (jami'an duba lafiyar motoci) da inshora ta gaskiya.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Dillalan motoci da makanikai, Maigatari, Jihar Jigawa