Godiya ga ofishin da ya zaga da mu kufan Jodan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ƙaramin ofishin yawon buɗe ido na birnin Amman, waɗanda suka ɗauki ɗawainiyarmu a ƙasar Jodan, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali. Na rubuta wannan takarda a fili kuma da Hausa don mutanenmu masu niyyar zuwa ƙasarku su san irin hannun da muka faɗa. Ɗana mai karatun Larabci zai karanta muku ita. Yabon gwani ya zama dole.

Da muka shigo ofishinku ba mu san komai ba sai Petra, tsohon birnin da aka sassaƙa a jikin duwatsu, ita ma a hoto. Baiwar Allah da ke kan tebur ta dubi yadda Hajiya, mahaifiyata, ke dogara sanda, ta ajiye takardar farashin gefe, ta soma tambaya: tafiyar ƙasa nawa tsohuwa za ta iya, me likita ya hana ta ci, a ina muke son lokutan salla su riske mu. Sai da ta gama ji sannan ta tsara tafiyar. Ta ce in za mu Petra mu bar babbar hanyar hamada da kowa ke bi don sauri, mu bi tsohuwar Hanyar Sarakuna ta Karak. Wannan shawara ce ta gyara mana tafiyar baki ɗaya.

Kun fara kai mu Jarash, kufan wani tsohon birni da ke arewa da Amman. Mun shiga ta ƙofar da aka gina don tarbar sarkin Rumawa Hadiriyan a ziyararsa ta shekarar 129, muka ratsa fili mai siffar ƙwai da ginshiƙai suka kewaye. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa yana ƙasa. Jagoranku ya durƙusa a tsakiyar titin dutse, ya nuna wa Hajiya kwarmin da ƙafafun kekunan doki suka ci a jikin dutsen, ta sa yatsu a ciki tana salati. Ya nuna mana kufan masallacin Juma'a na zamanin Banu Umayya a tsakiyar birnin, ya ce girgizar ƙasa ta shekarar 749 ce ta durƙusar da garin.

A Mu'uta babu wanda ya duba agogo. Nan aka gwabza da Rumawa a shekara ta 8 bayan hijira, kuma a garin Mazar da ke kusa aka binne Zaidu bin Harisa da Ja'afar bin Abi Ɗalib da Abdullahi bin Rawaha, Allah ya ƙara musu yarda. Sunayen da muka haddace tun muna makarantar allo, ga mu tsaye a gabansu. Hajiya ta daɗe tana kuka. Direbanku ya kashe mota, ya koma inuwa ya jira.

Daga nan ne kuka yi mana abin da kuɗi ba ya saya. Maimakon gidan abincin baƙi, sai aka ratse da mu wani ƙauye a gefen Karak, gidan wata dattijuwa da kuke hulɗa da ita. Mun same ta tsugune gaban wani ƙarfe mai doro da ke kan wuta, tana juya ƙullu daga hannu zuwa hannu har ya yi faɗi ana hango haske ta cikinsa, ta shimfiɗa, ta ɗaga, ta jefa kan 'yan uwansa. Shirak suke kiran wannan gurasa. Ta ɗauko jamid ta miƙa wa maiɗakina, wani farin curi kamar na fura, sai dai in ka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. Nonon tumaki ne da aka kaɗe, aka tsane, aka sa gishiri, aka shanya har ya ƙafe. Ana jiƙa shi a dama, a dafa naman rago a cikin ruwansa. Sai a shimfiɗa gurasar a babban faranti, a zuba shinkafa, a jera nama, a watsa soyayyen almon, a kwarara romon nan mai tsami. Wannan shi ne mansaf, kuma duk Jodan an sallama wa Karak wajen jamid.

Maza a tsaye muka ci, hannun hagu a baya, ana dunƙula loma da dama. Ba sai an koya wa Bahaushe cin abinci da hannu ba, mai gidan ma ya yi mamakin yadda na iya. Loma ta farko tsamin ya ba ni tsoro, daga baya sai da aka janye farantin. Gaskiya ɗaya dai, abincinku ba yaji. Hajiya ba ta tafiya sai da ƙullin yajinta, ta kwance ta barbaɗa, ta ɗiba wa dattijuwar. Ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, sannan ta nemi a bar mata sauran. Babu mai jin yaren wani a cikinsu, amma sun fi kowa hira. Na kuma ga da idona an ƙirga kuɗin abincin an damƙa wa matar a hannunta, ba ta hannun wani ɗan tsakiya ba.

Sai Petra. Kun samo wa Hajiya ƙaramar motar lantarki da ke ratsa tsagin dutsen da ke kaiwa cikin birnin, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, mu kuma muka taka. Jama'a na ta sauri su isa Khazna su ɗauki hoto, kuma ta cancanci hoton, gini ne da aka sassaƙa a jikin jan dutse, tsayinsa ya kusa mita 40. Jagoran da kuka haɗa mu da shi ya ƙi sauri. Ya riƙa nuna mana magudanan ruwa da aka fafe a bangon tsagin hagu da dama, da guntayen bututun yumɓu. A ganina gwanintar Nabatawa, mutanen da suka gina birnin, ta fi bayyana a nan. Mutanen da suka tare ruwan sama a wannan ƙeƙasasshen wuri har suka shayar da birni da ayarin fataken lubban daga kudancin Larabawa, ba ƙananan masu tunani ba ne. Rumawa sun karɓe mulkinsu a shekarar 106, girgizar ƙasa ta 363 ta lalata gine-gine da hanyoyin ruwan.

Jagoran ɗan ƙabilar Budul ne, waɗanda suka zauna cikin kogunan Petra har gwamnati ta mayar da su ƙauyen Ummu Saihun a shekarun 1980. Da na ce na ji wani Bature ne ya gano wurin a 1812, sai ya yi dariya ya ce lokacin da Baturen ya iso, ai kakanninsa ya tarar suna kiwon awaki a ciki. Ya nuna mana tabon harsasai a jikin tulun da ke saman Khazna, na masu zaton Fir'auna ya ɓoye zinariya a ciki. Na hau matakala wajen 800 zuwa Dair, wani babban ginin da aka sassaƙa a saman dutse, gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba.

Ba ku taɓa tsayar da mu a shagon da ake ba direba la'ada ba. Farashin da aka faɗa a ofis shi muka biya, ko sisi ba a ƙara ba. Da kuka ji Hajiya na da ciwon suga, duk gidan da muka shiga an riga an sanar da su a dafa mata shayinta daban.

Roƙona ɗaya, ku nemi ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'inku ku riƙa ɗaukar su tafinta, don ba kowace tsohuwa ce ke zuwa da ɗa mai jin Turanci ba. A gaida direba da jagororin nan biyu. Hajiya ta ce a faɗa wa ƙawarta ta Karak akwai wani ƙullin yajin a hanya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Wassalam,
Baƙonku daga Zariya.