Dirhamin azurfa na sarakunan Fartiya da yadda ake gane na gaskiya

Assalamu alaikum, Edita.

Duk wanda ya karanta babin zakka ya san nisabin azurfa dirhami 200 ne, amma ba kowa ya san kalmar ta girmi Musulunci da ɗaruruwan shekaru ba. Asalinta "dirakma" ta Girkawa, ta ratsa ta Farisa kafin ta shiga Larabci. Cikin waɗanda suka raya ta a Farisa akwai sarakunan Fartiya, waɗanda malaman tarihi na Musulunci ke kira Ashkaniyawa. Arsak na ɗaya ya kafa gidan wajen shekara ta 247 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma suna kan mulki har 224 Miladiyya da Ardashir, wanda ya kafa daular Sasaniyawa, ya kayar da Artabanu na huɗu. Ina roƙon fili a jaridarku ne saboda yanzu ana tallar waɗannan sulalla a intanet, jabu da na gaskiya a haɗe.

A fara da bambanta su da na Sasaniyawa, domin nan ake yawan ruɗewa. Na Sasaniyawa faffaɗa ne, siriri, a bayansa akwai wurin bautar wuta. Na Fartiya ƙarami ne mai ɗan kauri, faɗinsa kamar milimita 18 zuwa 22, nauyinsa tsakanin giram 3.5 da 4.2. A gabansa kan sarki ne, galibi yana duban hagu. A bayansa maharbi ne zaune riƙe da baka, rubutun Girkanci ya kewaye shi.

Wahalar tana cikin rubutun. Kowane sarki da ya hau gado sunan Arsak yake ɗauka, don haka mafi yawan sulallan ba su faɗin wane ne ya buga su. Sai a koma ga kamanni. Idan maharbin yana zaune kan wani dunƙulen dutse, sulen na farkon daular ne, domin a zamanin Mitiridat na biyu, wanda ya hau mulki wajen 124 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ɗora shi kan kujerar mulki. A kuɗinsa ne kuma laƙabin "sarkin sarakuna" ya kafu, da doguwar hula mai ado a ƙarshen mulkinsa. Orod na biyu, wanda rundunarsa ta karya Rumawa a garin Harran a shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa, a wasu kuɗinsa akwai ɗan tsiro a goshi. Ɗansa Farhad na huɗu ma yana da tsiron, sai dai bayan kansa akwai mikiya da ke miƙa masa kambi. Sulen da na fi ganin darajarsa shi ne na Farhad na biyar da mahaifiyarsa Musa, baiwar da Agusta, sarkin Rum, ya aika wa Farhad na huɗu kyauta, ta zama sarauniya har fuskarta ta hau kuɗi. Daga zamanin Walgash na ɗaya, wanda ya hau a 51 Miladiyya, haruffan harshen Fartiya suka fara bayyana, Girkancin kuwa ya riƙa lalacewa har ya zama zane kawai. Kada mutum ya ga rubutu a birkice ya ce jabu ne. A ƙarni na 2 haka na gaskiyar yake.

Babban sule mai darajar dirhami huɗu, wanda aka fi bugawa a Saluƙiya a bakin kogin Dijla, ya fi sauƙin sha'ani domin yakan ɗauki shekara, har da wata. Lissafin yana farawa daga 312 kafin haihuwar Annabi Isa, da haruffan Girkanci a matsayin lambobi. Misali ΔΞΤ: 4 da 60 da 300, wato 364. A cire 312, a sami 52 zuwa 53 Miladiyya. Azurfar wannan babban sule ta yi ta raguwa, shi ya sa na ƙarshen daular ke da duhu, alhali ƙaramin dirhamin da aka fi bugawa a Hamadan ya riƙe kyansa.

Na gaskiya bugu ne: a ɗora azurfa tsakanin hatimi biyu a doke da guduma. Jabu mai arha zubi ne, kuma yana tona kansa da layin haɗi a gefe, ƙananan ramukan kumfa, da gemu da haruffa da suka yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. A nemi sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. A auna sulen a bushe, sannan a ɗora kofin ruwa, a mayar da sikelin sifiri, a rataye sulen da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ba. A raba nauyin farko da na biyu. Tsantsar azurfa tana ba da 10.5, jan ƙarfe 8.9. Gwajin bai wadatar shi kaɗai ba, domin dalma da kuza idan aka haɗa za su iya kwaikwayon wannan adadi, tsohuwar azurfar da ƙasa ta ci kuma takan ba da ƙasa da haka.

Kada a jefa shi ƙasa don jin ƙararsa. Azurfar da ta shekara dubu biyu a binne takan yi gautsi ta tsage. Kada a goge da toka, lemon tsami ko soson ƙarfe, domin fuskar da ake gane sarkin da ita ce za ta tafi. A jiƙa shi a tataccen ruwa, a shanya, a ajiye cikin ambulan na takarda.

Mai saye kuma ya nemi takardar da ke nuna hannun da sulen ya biyo, domin dokokin Iran da Iraƙi sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba.

Wassalam,
Mai nazarin tsoffin kuɗaɗe