Wasiƙa Zuwa Maiduguri Kan Kwas ɗin Gudanar da Ayyuka

Kano, Nijeriya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya aiki, ya zafin Maiduguri? Mu nan sai godiyar Allah. Na leƙa Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Ta ce ka riƙa kiranta da dare, lokacin ne gidan ke yin shiru.

Saƙonka ya iso. Allah ya sanya alheri a wannan ƙarin girma, ya ba ka ikon sauke nauyin. Ka ce an damƙa maka aikin rijiyoyin burtsatse da gyaran ajujuwa, kuma kana shawara tsakanin shiga kwas ɗin gudanar da ayyuka da tara kuɗi don digiri na biyu. Maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Shawarata ita ce ka shiga kwas ɗin yanzu, kana kan aikin. Digiri yana nan yana jiranka. Wannan karatu bai cika kama mutum ba sai yana da aiki a hannu wanda ke hana shi barci. A ajin da na yi na Asabar da Lahadi akwai yara biyu da suka gama bautar ƙasa, masu kaifin ƙwaƙwalwa, suna haddace komai. Amma duk lokacin da malami ya ambaci ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ya kashe waya, mu ma'aikata ne muke gyara zama, don kowa da wanda ya faɗo masa a rai. Akwai ma'aikaciyar jinya mai shirya zagayen rigakafi, akwai ma'aikacin banki, akwai shugaban wata sakandare da ke gina ɗakin gwaje-gwaje da kuɗin iyayen yara. Kowa ya shigo da ciwon kansa, darasin kuma ya sauka a kan ciwon.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da aka koya mana tsara jadawali, kuma misalin da aka yi irin aikinka ne sak. Malamin ya raba mana ƙananan takardu masu manne, ya ce rijiyar burtsatse ɗaya mai famfon sola za mu yi, kowane ƙaramin aiki a takardarsa, tare da kwanakin da zai ci. Binciken ƙasa kwana 3. Haƙa da sa bututu kwana 5. Gwajin ƙarfin ruwa kwana 2. Odar famfo da farantan sola har su iso, mako 6. Hasumiyar tanki mako 3. Katanga mako 2. Muka manna su a bango, ya ce mu ja kibiya daga kowane aiki zuwa wanda ba zai fara ba sai ya ƙare. Nan gardama ta tashi. Ma'aikacin bankin ya ce a yi odar famfo tun ranar farko, tunda shi ne mai daɗewa. Wani tsohon ma'aikacin ruwa da ke zaune a baya ya ce ina, ba ka sanin girman famfon da za ka saya sai ka gwada abin da rijiyar ke bayarwa. In ka sa wanda ya fi ƙarfinta zai ƙafar da ita ya ƙone. Ka ga ke nan bincike, haƙa, gwaji, oda da ɗaura famfo sarƙa ɗaya ce, kwana ɗaya da ya zube a cikinta ya zube a wa'adin aikin gaba ɗaya. Katanga da hasumiya kuwa suna da sarari, ko birkila ya makara da mako guda ba abin da zai taɓu. Da muka ja da baya muka dubi bangon, shugaban makarantar nan ya yi shiru can ya ce, wata biyu yana faɗa da masu fenti, alhali kayan ɗakin gwajin da za su ci wata uku a hanya ko odarsu bai bayar ba.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara amfani da ita wajen 1957 don tsara gyaran masana'antunsa, rundunar sojin ruwan Amurka kuma ta fito da makamanciyarta, PERT, a 1958. Jadawalin nan mai dogayen sanduna da kake gani a rahotannin ofis ya ma girme su, sunan Henry Gantt yake ɗauke da shi, injiniyan da ya yaɗa shi fiye da shekara 100 da suka wuce. Ina faɗa maka ne don kada wani ya tsorata ka da manhaja mai tsada. Bango da takarda sun isa ka fara, Excel kuma ya ishe ka ci gaba.

Abu na biyu da zai yi maka amfani tun gobe shi ne yadda ake riƙe iyakar aiki. Ka san halinmu da kunya. Dagaci zai ce tunda kun zo, ku ƙara mana kan famfo biyu a bakin masallaci. Shugaban makaranta zai ce ga ban-ɗaki ya rushe, ku ɗan taɓa. Kowace buƙata gaskiya ce, kowacce kuma ƙarama ce in ka dube ta ita kaɗai, sai ka wayi gari kuɗin rijiya ta biyar ya narke a ƙananan alherai. A kwas an koya mana kada mu ce a'a a tsaye, kada kuma mu ce to a tsaye. Ka ce, ranka ya daɗe, a rubuta; sannan ka lissafa abin da ƙarin zai ci na kuɗi da na kwanaki, ka kai wa mai ikon amincewa. In ya sa hannu, an yi. In bai sa ba, kana da amsar da za ka mayar cikin mutunci, ba wanda ya ji an wulaƙanta shi. Wa'adi da kuɗi da girman aiki a ɗaure suke da juna, ba ka jan ɗaya sauran biyun su zauna inda suke.

Haka nan rajistar haɗurra. Takarda ce kawai da za ka jera abin da ka iya ɓata aiki, da wanda zai sa ido a kai, da abin da za a yi in ya auku. Littattafan da aka rubuta a Turai ba za su cika maka ita ba, kai ne ka san ƙasar. Damina mai hana motar haƙa shiga ƙauye. Azumi, lokacin da leburori ke tashi da azahar. Farashin siminti da canjin dala da ke motsawa tsakanin ranar da aka yi kasafi da ranar sayayya. Hanyar da ake rufewa saboda tsaro. Filin da aka ce na gari ne, sai an fara haƙa magada su fito. Wannan na ƙarshen shi ya sa nake roƙonka ka ba zama da masu ruwa da tsaki lokacinsa cikakke: bulama, liman, shugabar mata, da matasan da za su kula da famfon bayan kun tafi. Matan da ke ɗebo ruwa sun fi kowa sanin inda ya kamata rijiya ta zauna, kuma sau da yawa su ne ba a tambaya.

Yanzu batun takardar shaida, tunda na san shi ne ke cin ranka. Wadda ta fi suna ita ce PMP, ta cibiyar PMI da aka kafa a Amurka a 1969; ita jarrabawar an fara ta a 1984. Mai digiri sai ya nuna ya jagoranci ayyuka na wata 36, ya kuma yi awa 35 na horo, kafin a bar shi ya zauna. A tsarin da aka fara a 2021 tambayoyi 180 ne cikin minti 230, amma sukan sabunta sharuɗɗan, don haka ka duba shafinsu kafin ka biya ko sisi. Kuɗin jarrabawar yana da yawa ko ga memban PMI, kuma bayan ka ci sai ka tara maki 60 na ƙaro ilimi duk shekara uku, in ba haka ba takardar ta mutu. Wanda shekarunsa na aiki ba su kai ba yakan fara da ƙanwarta, CAPM, mai buƙatar awa 23 na horo. Akwai kuma PRINCE2, wadda gwamnatin Birtaniya ta fito da ita a 1996, mai matakai biyu. A nan gida an yi dokar kafa cibiyar ƙwararrun masu gudanar da ayyuka, CIPMN, a 2018, ya kamata ka san da ita.

Ni dai da ni ne kai, da Project DPro zan fara, wadda a da ake kira PMD Pro. Don ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa aka tsara ta, littafinta kyauta ne a intanet, kuɗin jarrabawarta bai kama ƙafar na PMP ba, kuma da yaren ofishinku take magana: jadawalin manufa da sakamako, sa ido da tantancewa, rahoton mai ba da tallafi. In wannan aikin na hannunka ya kammala, watanninsa za su shiga lissafin ƙwarewar da PMP ke nema. A lokacin sai ka nemi PMP ɗin, don ita ce kamfanonin gine-gine da na sadarwa da bankuna suka fi ganewa. Tun da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025 ka ga yadda ofisoshi suka sallami mutane a garin nan naku. Ina so in hakan ta zo ƙofarka, Allah ya kiyaye, ya zama kana da sana'ar da za ka iya fita da ita zuwa wani fannin.

Ka yi hattara da masu bitar kwana biyu a otal, a ci shinkafa, a raba jaka da satifiket mai zanen zinariya. Kafin ka biya, tambayi wanda zai koyar wane aiki ya taɓa kai wa ƙarshe da hannunsa. Tambaya ko za a sa ku tsara aikinku na gaske a duba muku, ko kuwa allo kawai za ku kalla. In an ce horon na PMP ne, ka tabbatar awoyin suna cikin waɗanda PMI ke karɓa. Kuma kafin ka taɓa aljihunka, ka yi wa oganka magana a rubuce. Ƙungiyoyi da yawa suna da kason horar da ma'aikata wanda shekara ke ƙarewa ba a taɓa shi ba, don ba wanda ya nema.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Ka dawo daga fili a gajiye, ga ba wuta, ga yara na son ubansu, ga bukukuwa da ta'aziyya da ke cinye ƙarshen mako. Abin da ya yi min aiki shi ne bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, da sauke darussan a waya lokacin da nake ofis mai intanet. Ka zauna da uwargida ka faɗa mata watanni nawa ne, ta san ranar da za ta samu mijinta a Asabar. Ka kuma nemi mutum biyu a ofis ku yi tare. Wanda ya yi shi kaɗai yakan sare a tsakiya.

Akwai abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya naɗa ƙarƙashin Ibrahim Bunu, tsohon ministan Abuja, ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979 ake magana ɗaya. Na sani, da yawa daga ciki sata ce da siyasa, kuma babu ajin da ke gyara zuciyar ɓarawo. Amma wani kaso mai yawa mutanen kirki ne suka fara su, ba cikakken zane, ba tabbacin fili, ba lissafin inda kuɗin shekara ta biyu zai fito. Mu aka koya mana injiniyanci da akanta da aikin jinya, aka ƙara mana girma, aka ce mu riƙe mutane da kuɗi da wa'adi, ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake yi. Duk ƙauyen da ka shiga ka ga tanki a sama ba ruwa a ƙasa, akwai yarinyar da ke tafiya mai nisa da jarka maimakon aji. Rijiyoyin nan naka ina so su yi ruwa, su kuma ci gaba da yi bayan motarku ta bar garin.

Littafina na aji da takardun gwaji suna nan, zan ba direban da ke lodin Maiduguri ranar Talata, in turo maka lambar motar. Kai kuma ka rubuto min duk ƙananan ayyukan rijiya ta farko da kwanakin da kake zaton kowanne zai ci, ko da a hargitse ne. Daren Asabar bayan isha'i sai mu yi waya mu jera su tare.

Ka gaishe min da uwargida da yara, da duk abokan aiki. Mutanen majalisa suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano