Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Dawo da Turjiyar Sitiyarin Injin Tsere

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi, a madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar da rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu gyara da adana tsofaffin injinan wasa a nan Bauchi ta aiwatar cikin shekarar da ta ƙare. Tarurrukan wata-wata sun gudana yadda aka tsara, in ban da na watan azumi da aka ɗage, kuma bayanin kuɗi yana hannun ma'aji. Mafi yawan ƙarfinmu a bana ya tafi ne kan aiki guda, don haka a kansa rahoton zai fi tsayawa.

Kamar yadda kuka sani, tun bara muke riƙe da injin tseren mota na Daytona USA mai kujera biyu, wanda kamfanin Sega ya bazu da shi a duniya a 1994 bisa allon lantarkin da ake kira Model 2. Wannan allon lantarki na wasan ya mutu, kuma ƙananan sassan da suka ƙone a jikinsa na musamman ne, ba a samun irinsu a kasuwa. Sai dai sitiyari da totur da birki da sandar giya duk suna da sauran ƙarfi. Aka yanke shawarar a sa kwamfuta a cikin akwatin, manhajar kwaikwayo ta Model 2 Emulator ta ɗauki aikin allon da ya mutu. Wasu mambobi sun kawo shawarar a cire tsohon sitiyarin a ɗaura na zamani mai wayar USB, a huta. Kwamiti bai amince ba, kuma har yanzu ina ganin ya yi daidai, domin hoton wasan kowa na iya kallonsa a kwamfutarsa, amma nauyin da wannan sitiyari ke yi a hannu idan mota ta shiga kwana ba a samunsa sai a jikin injin.

Sanar da kwamfuta motsin direba bai ba mu wuya sosai ba. A bayan sitiyarin, wanda iyakar juyawarsa digiri 270 ne, akwai fotenshiyomita mai kilo-om 5, ɗan'uwan abin ƙara murya na rediyo, kuma irinsa ne a totur da birki. Mun haɗa su da ƙaramin allon lantarki na Arduino Leonardo, wanda ke karanta ƙarfin wuta a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023, kwamfuta kuma tana ganinsa a matsayin abin sarrafa wasa. Sandar giya ce ta ɗan ɗaure mana kai, domin ba kowace giya daga cikin huɗun ke da makunninta ba, haɗuwar makunnai ce ke nuna inda sandar take. A lokacin hunturu sai muka lura motar tana karkata hagu ko da an riƙe sitiyari daidai, lambobin kuma suna ta tsalle a allo. Da aka kwance, sai ga jar ƙura ta cakuɗe da tsohon giris ta zama kamar ƙullu a tsakanin haƙoran giyar da ke juya fotenshiyomitar. An wanke, an sa sabon giris, an canja fotenshiyomitar, sannan aka ɗinka wa injin mayafi.

Inda muka sha aiki shi ne turjiyar sitiyari, wato yadda yake ture hannu, ya yi nauyi a kwana, ya girgiza idan an gogi bango. A ainihin injin, allon wasa yana aika gajerun umarni zuwa wani allo na daban mai kula da moto, wato injin lantarkin da ke tura sitiyari, moton kuma yana isar da ƙarfinsa ga sitiyari ta hanyar kulocin maganaɗisu, gwargwadon yadda kulocin ya kama gwargwadon ƙarfin da hannu zai ji. Ita kuwa manhajar kwaikwayo a kan Windows da tsarin DirectInput take magana, wanda aka yi domin kayan sarrafa wasa na kwamfuta irin su sitiyarin gida. Dole a sami tafinta a tsakani. Mun yi amfani da vJoy, wadda ke ƙirƙirar sitiyari na boge a cikin kwamfuta ya karɓi saƙon turjiya, da BackForceFeeder wadda ke miƙa saƙon ga allon Arduino Mega 2560, shi kuma ya isar wa tsohon allon moto.

A gwajin farko mun yi kuskure wajen saita ɓangaren da moto zai tura, ya zama maimakon sitiyari ya koma tsakiya sai ya ruga ƙarshe ya daki maƙura da ƙarfi. Ɗaya daga cikin matasanmu yana riƙe da shi a lokacin, wuyan hannunsa ya gurɗe, ya yi kwanaki da ɗauri. Allah ya taƙaita, amma abin ya dame mu ƙwarai. Tun daga ranar aka kafa doka: ba a gwajin moto sai da makunnin kashe wuta na gaggawa a kusa, ana farawa daga ƙarfi mafi ƙanƙanta, kuma yaro ba ya zama a kujerar sai an gama gwaji. Ranar da aka daidaita, shugaba ne ya fara tuƙi, kuma duk wanda ke wurin ya ga yadda ya ƙanƙame sitiyarin da hannu biyu a kwanar ƙarshe.

Batun wuta ma ya ci mana kuɗi. Ɓangaren moton da wutar Japan mai bolt 100 yake aiki, tamu kuwa 230 ce, kuma hawa da saukarta da komawa kan janareto suna iya ƙona allon da ba mu da madadinsa, don haka aka sayi taransifoma da sitabilaiza. Tsohuwar talabijin ɗin injin tana karɓar hoto ne a kilohaz 24, abin da kwamfuta ba ta bayarwa kai tsaye, sai muka sa shafaffen allo na wucin gadi muka adana tsohuwar. Ban gamsu da kamannin hoton ba, ina fatan za a koma kanta. A duk wannan aiki ba a yanke ko waya ɗaya ta asali ba: an yi mahaɗai ne da za a iya zarewa, an kuma rubuta launin kowace waya da aikinta da Hausa a littafin ƙungiya, domin in Allah ya sa aka sami lafiyayyen allon Model 2 a mayar da injin yadda yake.

Mun kuma gwada Scud Race na 1996 da Daytona USA 2 na 1998 ta manhajar kwaikwayo ta Supermodel, da OutRun na 1986 ta irinta mai suna MAME, sai dai saitin turjiyarsu bai kammala ba. Ɗalibai masu karatun lantarki daga Yelwa sun riƙa zuwa ranakun Asabar suna koyon awo da mita da narka dalma, kuma biyu daga cikinsu sun nemi zama mambobi.

Abin da bai yiwu ba shi ne tayar da kujera ta biyu. Kulocinta ya cinye, wanda muka yi oda kuma da ya iso bai dace ba, har yanzu ana kan maganar dawo da kuɗin. Saboda haka ba a haɗa kujerun biyu su yi tsere da juna ba. Kwamiti yana neman amincewar wannan taro a ware kuɗi daga asusu don neman wani kulocin, yana kuma roƙon mambobi masu sana'ar naɗin moto su duba tsohon kafin taro na gaba, ko zai naɗu.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya