Ba kullum ba ne laifin netwok

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan kalmar nan da ta zama abin fakewa a ofisoshi da manyan shaguna, wato "babu netwok". Ni aikina kula da kwamfutoci ne a wani kamfanin dillancin kayan masarufi nan Sakkwato, kuma wallahi sau da yawa netwok lafiya lau yake, rumbun bayanan ne, wato databes, ya gaji da lodi ba mai kula da shi.

Bara gab da azumi 'yan kasuwa suka yi layi wurinmu tun hantsi, buhunan suga da shinkafa ga su jibge amma rasit ɗaya sai an daɗe ana kallon allo yana ta juyi, Alhaji mai kamfanin na ta faɗa wai a kira masu intanet. Da muka duba ashe akanta ne ya kunna rahoton cinikin shekara a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun, wadda masu sayarwa ke aiki da ita, ga shi teburin ciniki na cikin rumbun ba fihirisa, wato jerin da ke sauƙaƙa nema, a kan lambar kwastoma. Kamar mai shago ne da littafin bashi na shekara goma, duk wanda ya zo biya sai an faro daga shafin farko ana neman sunanshi. Muka sa fihirisa, muka kwashe tsofaffin bayanai zuwa wata ma'ajiya daban, rahoto kuma muka maida shi kan kwafin rumbun da ke wata na'ura, yana gudu da dare. Ko kwabo ba a kashe kan sabuwar saba ba.

Amma fa fihirisa ma in ta yi yawa matsala ce, don kowane sabon ciniki sai an rubuta shi cikinta. Manhajojin rumbun bayanai, Oracle ne ko PostgreSQL ko MySQL, duk haka suke.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne zafi da wuta. Watan Afrilu a garin ga zafi na wuce digiri 40, sai ka ga an kulle saba a wani ɗan lungu, an kashe esi wai ana tattalin dizal, in an ɗauke wuta kuma batir ba ya riƙewa har a tada janareto. Sannan kowa na bugun ƙirji yana da bakof, wato kwafin bayanan da aka ajiye don ɓacin rana, amma tambaye shi yaushe rabon da ya gwada maido da shi ya ga ko yana buɗewa, sai ya hau sosa ƙeya.

Mun dai ga yadda tiransifa ta riƙa maƙalewa farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma waya gaba ɗaya. Masu kamfanoni, Alhazanmu, ku ɗauki yaro ɗaya cikin waɗanda ke fitowa daga jami'ar Danfodiyo ko foli, ku biya shi da kyau, aikinshi kawai ya riƙa duba rumbun nan kafin ƙarshen wata da jajibirin sallah.

Naku,
wani ma'aikacin kwamfuta,
Mabera, Sakkwato