Roƙon tallafi: ginin zauren unguwa da lambun raga a makarantarmu

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, da ƴan uwa mazauna Maraɗi da waɗanda neman abinci ya kai Katsina, Kano ko Yamai.

Kwamitin iyayen yara na makarantarmu ne ke gaishe ku. Muna neman taimakonku don gina zaure guda a filin makaranta: da safe ya zama aji, da yamma wurin karatun mata da taron unguwa, a gefensa kuma lambu rufaffe na rainon iri. Kowa a garin nan yana tuna gobarar Nuwamba 2021, wadda ta cinye azuzuwan zana tare da yara fiye da 20. Allah ya jiƙansu. Tun lokacin muka ƙudura cewa yaranmu za su fita daga rumfar zana.

Zanen ginin ya sha gyara kafin mu kawo shi gabanku, don mun shimfiɗa shi gaban magina, da matan da ke aikin lambu, da wani ɗan unguwa da ya karanci gini, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Bango da tubalin ƙasa za a yi shi, irin wanda ake matsewa da inji bayan an gauraya da siminti kaɗan. Wasu sun ce ginin ƙasa koma baya ne. Mu dai mun ga abin da Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine ƴar Nijar, da abokiyar aikinta suka gina a Dandaji ta jihar Tawa a 2018, masallaci da ɗakin karatu, da irin wannan tubali. Ƙasa tana riƙe sanyi, kuma wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano da bulo a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san bambancin. Tsoron maginanmu ruwa ne, kuma suna da gaskiya: damunar 2024 ta rusa gidaje da yawa a Maraɗi, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi. Shi ya sa aka ɗaga harsashi da dutse da siminti har gwiwa, aka tsawaita bakin rufi don kada ruwa ya riƙa dukan bango, aka kuma ƙanƙanta tagogin gabas tunda daga can hadari ke tasowa. Tsakanin kwano da silin an bar sarari, iska ta ratsa ta kwashe zafin.

Lambun ne ya fi cin muhawara. A Turai da gilashi ake rufe irinsa don a tara ɗumi. Mu nan ɗumi ya yi mana yawa, gilashi ko leda sai dai su dafa shukar. Don haka raga muka zaɓa, mai rage kaifin rana, mai hana farin ƙuda da tsutsar tumatir shiga. An mayar da shi kudu da zauren domin bango ya tare masa iskar hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas, in ba haka ba ƙura ta toshe ragar. Wata uwa mai sayar da zogale ta dubi takardar, ta ɗora yatsa a kan ƙofa ɗaya tilo da aka zana, ta ce: "Malam, in na zo ban ruwa da bokiti, ta cikin aji zan ratsa?" Nan take aka ƙara ƙofa ta waje.

Ruwan rufi ba zai tafi a banza ba. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce, Maraɗi kuwa kan samu wajen milimita 500 a shekara. Indararo zai kai shi tanki, daga tanki siraran tiyo su riƙa ɗiga shi gindin kowace shuka. Za a raini tumatir, tattasai, kabeji da zogale, da dashen gawo da kuka. A jiharmu ne aka fara sassaben zamani tun shekarun 1980, manoma suka koma barin kututture ya sake tofo a gona, saboda haka muna so yara su taso hannunsu ya saba da itace. Kuɗin dashen da aka sayar zai shiga sayen alli da gyaran raga.

Matasan unguwa sun ɗauki nauyin haƙa da buga tubali kyauta. Abin da ya rage sai da kuɗi: siminti, dutse, ƙarfe, kwano, raga, tanki da ladan magina. Muna so a yi rufi kafin ruwan farko na watan Yuni, don bangon ƙasa bai kamata damuna ta same shi a buɗe ba.

Mai jaka ɗaya ya kawo, mai dala ɗari ma muna godiya. Buhun siminti, tifar yashi ko aron amalanke na yini guda duk karɓaɓɓu ne. Ma'ajin kwamiti yana makaranta kullum bayan la'asar, ba ya karɓar ko dala sai da rasit, kuma duk Juma'a ana liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar ofishin darakta, kusa da zanen ginin. Na nesa su aiko ta hannun ɗan uwa, a rubuta sunansu a littafi.

Allah ya saka da alheri, ya sanya shi cikin sadaka mai gudana.

Kwamitin iyayen yara