Zuwa ga Shugaban UNESCO: dan Allah ku daina jin nauyin gwamnatoci kan wuraren ban al'ajabi na duniya

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Maganata a kan wuraren nan ne da Allah Ya ƙawata duniya da su, irin waɗanda mutum ke tara kuɗi shekara da shekaru don kawai ya je ya gani da idonsa. Grand Canyon na Amurka da kogin Colorado ya ƙwaƙule har zurfin kusan mita 1,800, ko Mosi-oa-Tunya tsakanin Zambiya da Zimbabuwe inda kogin Zambezi ke zubowa daga tsayin mita 108. Tun yarjejeniyar kare wuraren gado na duniya ta 1972 hukumarku ta ɗau amanar irin waɗannan wurare, mun gode, amma gaskiya sa suna a takarda kaɗai ba ya hana wuri mutuwa.

Ka duba murjanin Great Barrier Reef na Ostireliya, tsawonsa wajen kilomita 2,300 fa, ruwan teku ya yi zafi murjanin ya koɗe ya yi fari fat a 2016, ya sake a 2017, ya sake a 2020, sannan 2022 da 2024 ma bai tsira ba. A 2021 masananku da kansu suka ba da shawarar a saka shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, gwamnatin ƙasar ta shiga kamun ƙafa ƙasa-ƙasa, ƙarshe dai ba a saka ba. Wallahi abin nan ya min ciwo. To meye amfanin jerin in mai ƙarfi zai iya zare sunansa? Na sani kwamitin ƙasashe 21 ne ke yanke hukunci ba kai ba, amma bakinka na da nauyi, kuma shirunku a irin wannan lokaci shi ke ba gwamnatoci ƙwarin gwiwa.

Ga dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ma, fiye da kashi 80 na ƙanƙarar kansa ta narke tun 1912, rahotonku na 2022 ya ce da wuya ta wuce 2050.

Kuma ai an ga abin da tsayuwa kan gaskiya ke yi. Pamukkale ta Turkiyya, farin dutsen nan mai hawa-hawa da ruwan zafi ya gina a hankali cikin dubban shekaru, da har otal-otal aka gina a samansa suna shanye ruwan, mutane na tattakawa da takalma wurin ya fara dafewa, bayan an yi masa rajista cikin wuraren gado na duniya a 1988 aka rushe otal ɗin, yanzu ba mai takawa sai ya cire takalmi.

Roƙona shi ne duk lokacin da masananku suka ce wuri na cikin haɗari, ka fito da kanka ka faɗa wa duniya, ko da ƙasar da abin ya shafa za ta yi fushi.

Na gode, Allah Ya taya riƙo.